Kifin da Na Yi wa Surukina Alkawari

Tun da na dawo daga Bosniya kuka hana ni shan shayi cikin kwanciyar hankali. In na zauna a benci a unguwar Sharafiyya, wannan ya ce yaya sanyi, wancan ya ce da gaske ne Turawan can suna salla, wani kuma ya ce in gwada masa girman kifin da hannu. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk lokacin da na ba da labarin sai kifin ya ƙara tsawo. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku sau ɗaya, kafin ya kai girman kada.

Ga wanda bai san ni sosai ba, ni ne Musa direba. Ina tuƙa wani tsohon likitan haƙori a Abhur can bakin teku, kowa Dakta yake ce masa, kuma shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya mini kan takardar zama a ƙasar Larabawan nan. Mutumin kirki ne, amma yana da ciwo guda, kamun kifi. Ba irin namu ba, na zama a bakin teku da igiya da yankan jatan lande. Shi nasa kifin sai an hau jirgi an je ƙasar duwatsu. Wani kifi ne mai ɗigo-ɗigo a jiki da ake kira tirawut, ba ya zama sai a ruwan sanyi mai gudu. Ba a sa masa tana, ba a sa masa nama. Ƙwaron ƙarya ake ɗaura masa da zare a jikin ƙugiya.

Bara hannun Dakta ya fara rawa, zaren ya daina yi masa biyayya. Sai ya zaunar da ni a teburinsa, ya ɗora mini gilashin ƙara girma a hanci, ya ce yalla, in koya. Ya yi mini bayani cewa akwai wani ɗan ƙwaro mai kama da sauro, amma ba ya cizo, a ruwa yake ƙyanƙyashewa. Idan ya gama zaman tsutsa, kafin ya yi fiffike, sai ya taso daga ƙasan kogi ya rataye dab da fuskar ruwa yana jiran fatarsa ta tsage. A nan kifin yake tsince shi, kuma shi muke kwaikwayo. Ƙugiyar ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Za ka cije ta a bakin wani ɗan ƙarfe, ka zura mata ƙwayar dutsen ado a ka, ka naɗe jikinta da siririn baƙin zare, ka bi da 'yar farar waya zagaye-zagaye don ta yi gaɓa-gaɓa, ka ƙulle. Ran farko na yi atishawa, guda ta ɓace a kan kafet. Da tafin ƙafata na gano ta bayan mako.

Na iya, ba yabon kai ba. Amma a raina ban taɓa yarda da abin ba. A ce ka taso takanas daga wata ƙasa, ka je wa kifi da abin da ko kaza za ta raina? Wannan ai rowa ce. Don haka in Dakta ya shiga barcin rana sai in ɗaura nawa na kaina a ɓoye, manya-manya masu ƙiba, da jan zare da ruwan zinare, har da 'yar jela. Na cika gwangwanin alewa da su, ina jiran ranar da zan nuna wa Larabawa yadda ake karɓar baƙo.

To ga inda bakina ya ja mini. Surukina Baba Tanko Basarke ne daga Yawuri, masunci ɗan masunci, a cikin kwalekwale aka yaye shi. Ya zo aikin hajji tun kafin a haifi Hajara matata, ya ce zai ɗan nemi guzuri ya koma, har yau bai gama nema ba. Takardunsa sun daɗe da mutuwa, ƙafafunsa ma sun gaji, yanzu daga ɗakinsa na sama sai masallacin layi, shi ma sai an riƙe shi. Mutumin da ya tashi a kan kogin Kwara, Allah ya ajiye shi a ƙasar da babu kogi ko ɗaya. Kifin teku ba ya ci, wai gishiri ya cinye masa ɗanɗano. Ƙarfasar gona da ake sayarwa a kasuwa kuwa cewa yake kaza ce ta koyi iyo.

Da Dakta ya ce da ni za a yi tafiyar bana, na je yi wa Baba sallama, na tarar da abokansa tsofaffi a ɗakin. Na durƙusa na gaishe su, na faɗi inda za mu.

Baba ya ce, "Kogi ne ko tafki?"

Na ce, "Kogi ne, Baba, mai gudu."

Ya kalli tabarma ya ce, "Rabona da kifin da ya sha ruwa mai gudu..." Bai ƙarasa ba.

Tun da na auri 'yarsa bai taɓa roƙona ko allura ba, wannan ma ba roƙo ba ne. Amma tausayi ya kama ni, ga kuma idon mutane. Sai na ji bakina yana cewa, "Baba, in Allah ya yarda sai ka ci ka ba maƙwabta. Da hannuna zan kamo maka."

Muna saukowa daga bene Hajara ta kira ni da sunan 'yarmu ta ce, "Abu Zainab, ya'ani ka tambayi Dakta ana kawowa? Duk zuwan da yake yi, ka taɓa ganin ya dawo da ko wutsiya?"

Na ce, "A can suke cinyewa. Ke dai ki tanadi tukunya."

Ta ce, "Tayyib." Irin tayyib ɗin nan nata da ke nufin za mu gani.

Washegari na shiga unguwar Bagdadiyya na sayo kula babba, shuɗiya, wadda za ta ci rabin rago. Dakta ya gan ta a bayan mota ya ce ta mece ce, na ce tsaraba. Ya ɗauka tsarabar da zan kai ce, ya ce ma sha Allah.

Maganar biza da izinin fita da dawowa Dakta ne ya yi ɗawainiyarsu, ni dai na rungume fasfo da iƙama, katin zamana, a aljihun gaba ina shafawa kamar mai ciwon ƙirji. A filin jirgin Sarayebo Dakta ya wuce sumul. Ni kuwa jami'in ya ce in buɗe kula. Na buɗe. Ba komai a ciki sai ƙullin gishiri da kwalbar yaji. Ya leƙa, ya ƙwanƙwasa gindinta, ya kira abokin aikinsa shi ma ya leƙa. Ba na jin yarensu, ba sa jin nawa. Sai na haɗa tafin hannu biyu na yi musu iyon kifi a iska, na nuna cikin kula, na shafa ciki. Suka kalli juna suka yi wata irin dariya, suka ce in wuce. A lokacin na ɗauka wasana ne ya burge su.

Wanda ya tarye mu wani dogon mutum ne mai suna Haris, shi ke raka baƙi kogi. Fari tas, idonsa shuɗi, ya miƙo hannu ya ce assalamu alaikum. Na amsa ina waige-waige ko da wani a bayansa. Yana ɗan jin Larabci saboda yawan baƙin Larabawa, da shi muka riƙa lallaɓawa. Muka kama hanya cikin duwatsu, kwana a kan kwana. Ni da nake tuƙi fiye da rabin rayuwata, sai ga ni a kujerar baya ina taka birkin da babu. Abin da ya fi tsaya mini a rai a hanyar nan ruwa ne. Ko'ina ka duba famfo ne a bakin titi yana zuba, ba mai shi, ba mai rufewa. Na tuna yadda muke tsayuwa jiran motar ruwa a unguwa, na ce wa Haris ya tsaya in rufe guda. Ya ce ai ba shi da marfi, daga dutse yake fitowa.

A gidan mahaifiyarsa muka sauka, wata tsohuwa mai ɗan kwali da ake kira Fata. A bakin ƙofa ake cire takalmi kamar gida, sai dai su har silifas na ulu suke ba baƙo. Watan zafi ne a wurinsu, yara na yawo da singileti, ni kuwa na haɗa rigar sanyi biyu da bargo, har tsohuwar ta tambayi ɗanta ko ba ni da lafiya. Abincinsu ba laifi. Akwai wata gurasa mai nama da suke naɗewa kamar gammo, akwai ƙananan gasasshen nama da albasa. Illa dai ba su san yaji ba. Na fito da kwalbata na barbaɗa, Haris ya ce a sam masa. Na gargaɗe shi, ya ce shi namiji ne. Ya kai loma guda, ya yi ja, ya fita waje da gudu. Fata ta yi dariya har da hawaye, daga ranar take ƙara mini nama a kwano.

Da safe aka sa mini wandon roba mai haɗe da takalmi, ya zo mini har ƙirji, muka shiga kogi. Ruwan garau, kana ganin tsakuwa, kana ganin kifaye jere suna fuskantar gudun ruwa. Na ce abin nema ya samu. Dakta ya ɗaura ɗaya daga cikin 'yan baƙaƙen da na yi masa a bakin wani zaren roba mai kaurin gashi, ya wurga a hankali, ya bar ruwa ya tafi da ita. Ba a jima ba ya ɗaga sanda, sai ga ta ta lanƙwashe. Haris ya tara 'yar koma ya kwaso kifi kyakkyawa, ya kai tsawon kamu biyu. Na yi kabbara, na fita da gudu cikin wandon nan ina tangaɗi, na jawo kula har bakin ruwa.

Ina isowa na ga Dakta ya jiƙa hannu, ya tallabi kifin, Haris ya ɗauke su hoto. Sai ya sunkuya ya mayar da shi ruwa. Yana kallo, ina kallo, kifi ya kaɗa wutsiya ya tafi.

Na ce, "Inna lillahi! Ya Dakta, suɓucewa ya yi?"

Ya ce, "A'a, halas, shi ke nan, mun gama da shi."

Haris ya ga kula a buɗe, ya ga fuskata, sai ya gane. Ya zaunar da ni a kan dutse ya yi mini bayani da guntun Larabcinsa. A wannan kogin ba a ɗaukar kifi ko ɗaya. Ka kama, ka gani, ka saki. Shi ya sa ma ake danne ƙayar ƙugiya don ta fita ba rauni. In aka kama baƙonsa da kifi, shi za a karɓe wa takardar aiki. Ya nuna ruwan ya ce, "Gonata ke nan. Kifin da Dakta ya saki, bara wani ya kama shi, baɗi wani zai zo dominsa. Da shi nake ciyar da uwata."

Nan ido ya raina fata. Shekara da shekaru ina goge hotunan Dakta a falo yana riƙe da kifi, ban taɓa tambayar ina kifin ya tafi bayan hoton ba. Na tuna dariyar mutanen filin jirgi, na tuna tayyib ɗin Hajara. Sannan na tuna Baba da tsofaffin da suka ji alkawarina.

Duk da haka na ce bari dai in fara kamawa, sauran magana ta biyo baya. Na matsa can ƙasa inda ba sa ganina, na buɗe gwangwanin alewa, na ɗaura mafi ƙiba a cikin masu jan zaren. Na wurga, ta faɗa ruwa tsulum, kifayen suka watse kamar an jefa dutse a kasuwar kaji. Na canja mai ruwan zinare. Wani ya taso, ya zagaye ta, ya kalle ta, ya koma wurinsa. Wallahi raini na gani a idon kifin nan. Kwanakin farko haka na yi su. Na kama reshen bishiya, na kama hular Haris, na kama bayan wandona, na zame na zauna a ruwa har ya cika mini wando aka fitar da ni kamar salka.

Daga ƙarshe Haris ya ga gwangwanin. Ya ɗaga guda ya juya ta, ya ce kyakkyawa ce, ta bikin aure. Sai ya tsoma hannu ya kamfato ruwa ya nuna mini. Ga 'yan ƙwarin nan a tafinsa, sirara, baƙaƙe, suna ɗan motsi, sak irin waɗanda nake ɗaura wa Dakta ina raina su. Na haƙura na ɗaura 'yar baƙa. Sai wata matsala ta fito. Hannuna ya saba da kifin Abhur, wanda in ya taɓa sai ka fizga da ƙarfin Allah. Nan kuwa da na ji motsi sai in fizga, zare ya tsinke, kifi ya tafi da ƙugiya. Haris ya yi ta cewa shwayya-shwayya, wato a hankali, ɗaga sanda kawai za ka yi, kamar mai ɗaga labule.

Ana jibi za mu tafi, bayan la'asar, ruwan ya cika da 'yan zobba, kifi na tsintar ƙwari dab da sama. Haris ya haura can sama wurin Dakta, ni kaɗai na rage. Na wurga 'yar baƙar, na bar ta ta bi ruwa, ban ja ba, ban motsa ba. Na ga wani baki ya buɗe ya rufe. Na ɗaga labule. Sai sanda ta ɗau rawa, zare ya fara gudu. Kifin ya yi sama, ya yi ƙasa, ya yi tsalle, ni kuwa duk addu'ar da na sani na karanta, har da addu'ar shiga kasuwa. Da ya gaji na jawo shi gefe, na zare ƙugiya, na tallabe shi da hannu biyu a cikin ruwa.

Jikinsa sanyi, ruwan zinare da jajayen ɗigo, yana buɗe kunne yana rufewa. Na waiga, ba kowa. Gaban wandon robar nan kuwa da fili, zai ɓoye shi tsaf. Na ga fuskar Baba yana ɓare shi da yatsa. Na ga Fata tana ƙara mini nama. Na tsaya a tsakaninsu, har na fara ɗago shi daga ruwa. Ina so in ce muku tsoron Allah ne ya sa na sake shi. Gaskiya har yau ban sani ba ko ni na buɗe hannu ko shi ya suɓuce. Na dai ga wutsiyarsa ta shige ƙarƙashin dutse, ko hoto babu.

A bakin ƙauyen akwai masu kiwon irin kifin nan a kwatamin siminti. Washegari na je na sayo masu yawa. Na roƙi Fata ta ba ni tsohuwar ganga a bayan gida, na farke su, na shafa gishiri, na hura itace, na yi banda irin wadda na ga ana yi a gida ina yaro. Hayaƙi ya turnuƙe unguwa, wani maƙwabci ya taho da bokitin ruwa a guje. Amma bandar ta yi kyau, ta yi ja, ta yi ƙamshi. Dakta ya kalli kula cike ya yi murmushi. Na ce a raina kifi dai kifi ne, kuma ruwan kwatamin ma ai daga kogin aka jawo shi.

Ranar Juma'a bayan mun dawo na kai wa Baba. Ɗakin ya cika, wasunku suna nan. Ban ce ni na kama ba, amma da ake ta sa mini albarka ban hana ba. Baba ya ɗauki guda, ya shinshina, ya juya shi, ya shafa wutsiyar da babban yatsa. Ya ɓari kaɗan ya tauna a hankali. Ya ce Allah ya yi albarka, ya ce a raba wa kowa. Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Da mutane suka watse na tashi zan bi su, sai ya ce, "Musa, zauna."

Na zauna.

Ya ce, "Bandar ta yi. Amma wutsiyarsa a goge take. Wannan a jikin bango ya girma."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Haka ne, Baba." Na kwashe komai na faɗa masa, dokar kogin, da Haris da uwarsa, da kifin da na riƙe. Ina jiran faɗa, ko abin da ya fi faɗa zafi, shiru.

Sai ya gyara zama ya ce, "Da ka ɗaga sandar, ina ya fara nufa? Sama ko ƙasa?"

Na ce, "Sama, Baba."

"Namiji ne. Ruwan ya kai ka ina?"

"Cinya."

"Ƙasan yashi ne ko tsakuwa?"

Ya warware zaren bakin tabarma, ya naɗa a yatsansa, ya miƙo mini ɗaya bakin ya ce in ja yadda kifin ya ja. Na ja, na sassauta, na fizga gefe, na sake ja. Ya rufe ido yana biye da ni, yana saki yana tattarawa, hannun nan da ko kofin shayi ba ya riƙewa daidai bai yi rawa ba ko kaɗan. Mun daɗe a haka. Hajara ta leƙo da tire, ta gan mu, ta koma.

Da ya buɗe ido ya ce, "Da ni ne, da ban sake shi ba."

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya ce, "Amma ka ce yana can?"

Na ce, "Yana can, ƙarƙashin dutsensa."

Ya saki zaren a hankali, ya goge ido da bakin rawaninsa. Ya ce, "To madalla. Ni ma nawa a ruwa na baro su."